Bido Biyu Zuwa Timiya

Shekarun baya, can a farkon mulkin kai, lokacin da duk motar da ta shigo Agadas sai an san mai ita kafin ta tsaya, ni shofer ne, wato direba. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina da gashin baki da bai gama yanke shawarar fitowa ba, kuma na yi suna a gari da nauyin ƙafa wajen taka mota. Idan na taso daga Ingal, tun ƙurata tana nesa mata ke janye awakinsu daga hanya. Ni kuwa a lokacin yabo na ɗauke shi.

Motar ba tawa ba ce, ta abokina ce. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Tsohon soja ne, ya yi tuƙi a aikin sojan Nasara, ya dawo gida da ƙafar dama a sandare, ba ta lanƙwasuwa. Wani Banasare da zai koma ƙasarsu ya bar masa gawar wata 'yar mota mai buɗaɗɗen baya, ya shekara guda yana kwance ƙarƙashinta har ta yi tari ta tashi. Ta tashi, amma babu ƙafar taka ta. Shi ne ya koya mini. Yakan ce wa mutane, "Kan nawa ne, ƙafar tasa ce, sai dai ƙafar ba ta jin maganar kan."

Mahaifiyata ɗinkin fata take yi, jakunkuna da matasai, a gidanmu na tsohon gari, ba nisa da babban masallaci. Ƙane ɗaya gare ta a duniya. Tun yana saurayi ya bi fatauci zuwa Timiya, can cikin duwatsun Abzin, wurin ya yi masa daɗi, ya yi aure, ya sami garka, wato lambu, ya zauna. Da farko yakan zo. Daga baya ƙirjinsa ya hana shi hawan raƙumi, ita kuma gwiwoyinta suka hana ta. Shekara ashirin suka yi ba su ga juna ba. Zumuncinsu ya koma dabino da alkama da ke zuwa da ayari, da takalman fata da ke komawa.

Wata ranar hantsi a ƙarshen damina, wani Ba'abzine ya durƙusar da raƙuminsa a ƙofar gidanmu. Ya sha ruwa, ya gaisa, sannan ya ce da ita, "Ƙanenki yana kwance. Ya daina cin abinci. Ke yake tambaya."

"Yaushe ka baro shi?"

"Yau kwana shida."

Ba ta yi kuka ba. Ta ƙarasa ɗinkin da ke hannunta, ta yanke zaren da haƙori. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika duban fuskata idan tana magana da ni. Sai ta dubi bango ta ce, "A tambayi mai mota ko tana zuwa Timiya."

Tana zuwa. Abin da babu shi ne isansi, wato man mota. Babbar motar da ke kawo mai daga Damagaram ruwa ya tsare ta a hanya, makonni ke nan ba ta iso ba, gari ya bushe. A Timiya kuwa ko ɗigo ba a ajiyewa, don ba su da abin zuba shi. Abin da ka tafi da shi, shi ne zai maido ka. Abokina ya karkata tanonsa na ƙarshe, gangar da yake ajiye mai, har ya daina ɗiga, ya ɗingisa zuwa gidajen mutum biyu da suka yi soja tare, ya dawo. Da aka haɗa komai, tanki ya cika, ga bido biyu, wato jarkoki, cike a baya. Shi ke nan.

Ya ce, "Zauna."

Na zauna a kan wata tsohuwar ƙafar mota.

"Wannan man, da ni zan tuƙa, zai kai ni Timiya ya maido ni, har in wanke hannu da saura. Kai kuwa, yadda ka saba, zai kai ka lafiya lau, ya ajiye ka da tsohuwa tsakiyar duwatsu a hanyar dawowa."

Ya ɗauki ƙusa ya yi zane biyu a kan madubin agogon gudu, ɗaya a kan hamsin, ɗaya a kan sittin. Ya ce duk inda ƙasa ta yarda, in sa ta a bitas na ƙarshe, wato babbar giya, da wuri, in ajiye allura tsakanin zanen nan biyu, in manta da ƙafata a wurin. Ya ce da zarar na haura saba'in, ba tafiya nake ba, iska nake turawa, kuma iska ba ta gajiya. Ya ce rarrafe ma shan mai ne, don ƙaramin bitas ihu ne mai yawa da tafiya kaɗan. Ya ce in riƙa duban nesa, don kada in kai ta inda sai na kame ta da birki da ƙarfi sannan in sake tada ta. Daga nan ya fere sanda, ya yi mata tsaga-tsaga da wuƙa. "Ka tsoma ta a tanki. A Dabaga mai ya tsaya nan. A Elmeki nan. Idan ka buɗe bido na biyu kafin ka juyo, ka san da ƙafa za ka shigo gari."

Ina ta gyaɗa kai. Gaskiya rabin maganar ta bi ta bayan kunnena, don ni a raina na riga na isa Timiya, ana ta mamakin saurina.

Muka tashi bayan sallar asuba. Mahaifiyata ba ta taɓa shiga mota ba. Da ta zo bakin ƙofar sai ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu, kamar mai shiga ɗakin wani, ta yi bisimilla ta zauna a gefen kujera. Muka bi ƙoramar Telwa, goriba dama da hagu, ƙasa ta sha ruwa ta daddale, ciyawa sabuwa fil a wuraren da duk shekara sai tsakuwa. Na bi maganar abokina tiryan-tiryan. A Dabaga na tsoma sanda, mai yana daidai tsagarsa. Na ji kaina ya kumbura.

Bayan Dabaga da ɗan nisa muka fito wani fili mai ƙananan tsakuwa, shimfiɗe kamar tabarma har gindin duwatsu. Allura tana tsakanin zane biyu. Sai na ji mahaifiyata ta ce a hankali, ba da ni take ba, da tasbaharta take, "Kwana shida. Yau bakwai."

Ban san lokacin da ƙafata ta nutse ba. Saba'in. Tamanin. Motar ta ɗauki kuka, ƙofofi suna rawa, bidon nan biyu suna karo da juna a baya, iska tana shigowa tana fizgar mayafinta. Na ce a raina, mutum yana can yana mutuwa, ni ina nan ina lallashin allura? Kuma kada in ɓoye muku, akwai daɗi a ciki. Ina son ta ga abin da ɗanta ya iya. Na fi sa'a guda a haka, ina kame ta a bakin kowane kwari, ina sake zabura.

Da muka tsaya sallar azahar na tsoma sanda. Na fitar, na goge, na sake tsomawa. Mai ya riga ya sauka har tsagar Elmeki, alhali Elmeki tana can gaba, ko alamarta babu.

Tsoro ya kama ni, kuma tsoro ya fi girman kai wauta. Na ce to, tunda gudu ne ya sha, bari in yi tafiyar da ba za ta sha komai ba. Na sa ta a bitas na biyu, na yi ta jan ciki. Wani mai jaki ya yi tafiya kusa da mu har muka gaisa, muka tambayi juna mutanen gida. Moter, wato injin, yana ta gurnani, zafinsa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙafafunmu. Can sai tururi ya fara fita ta hancin motar. Na tsaya ƙarƙashin wata aduwa, na jira ta huce, na tsoma sanda. Ya ƙara sauka, kuma tafiyar da muka yi ba ta taka kara ta karya ba.

Na zauna a ƙasa da sandar a hannu. Mahaifiyata ta sauko da kyar, ta shimfiɗa buzunta a inuwa, ta zauna tana duban duwatsu.

"Lafiya?"

Na ce, "Inna, na ɓata mai."

Na faɗa mata duka, da gudun da rarrafen. Ta saurara har na gama.

"Mai motar bai faɗi yadda ake yi ba?"

"Ya faɗa."

"Me ya ce?"

Abin mamaki, maganar da na ɗauka ta bi iska sai ga ta tana fitowa daga bakina ɗaya bayan ɗaya, har da muryarsa. Da na kai ƙarshe ta ce, "To. An yi na farko da bai ce ba, an yi na biyu da bai ce ba. Saura wanda ya ce."

Na ce, "Inna, idan muka iske Kawu ya riga ya..."

Ta katse ni. "Idan an rubuta zan gan shi, zai jira ni. Idan ba a rubuta ba, kada a haɗa mini rashi da ƙishirwa a daji."

Na zuba wa motar ruwa, muka tashi. Na kai ta bitas na ƙarshe, na ajiye allura kaɗan sama da hamsin, na riƙe ƙafata kamar wanda ya taka ƙwai.

Abin da ya biyo baya, har yau ban tabbata ko duka ya faru yadda nake tuna shi ba. Akwai wani wuri tsakanin zanen nan biyu da motar take yin shiru. Duk shekarun da na yi ina tuƙa ta ban taɓa jin sa ba, don kullum wuce shi nake yi a guje. Ƙofofi suka daina rawa. Bido suka kwanta. Muryar moter ta sauko ta zama wani gunaguni mai laushi, irin na tsohuwa mai lallashin jariri a ɗaki na gaba. Rana ta karkata, duwatsu suka yi shuɗi, kawalwalniya ta ɗaga gindinsu daga ƙasa har suka zama kamar suna shawagi. Ciyawa tana kwantawa tana tashi. Sai na ga kamar mu ne a tsaye, ƙasar ce ke zuwa tana wucewa ta ƙarƙashinmu a hankali.

Jiminai uku suka fito daga bayan wani tudu suka jera da mu. Ba su tsere ba, ba mu wuce su ba. Muka yi tafiya tare, wuyansu a miƙe, idonsu a kanmu, har na ga gashin idon ta kusa. Sannan suka karkata gabas, suka shige cikin hasken.

A nan ne mahaifiyata ta fara magana. Ina jin don dukkanmu gaba muke kallo ne, babu mai duban wani. Ta ce ita ta goyi ƙanenta, tana da shekara bakwai, nauyinsa yana rinjayarta har sukan faɗi tare. Ta ce ba ya barci sai ya riƙe kunnenta. Ta ce har ya yi wayo yana tsoron inuwarsa da la'asar, don ta fi shi tsawo. Ta ba ni labarin kakarsu da garkarta, da yadda uwarsu take da zafin hannu, da ranar da ya fara ɗaura rawani ya kasa cin abinci a cikinsa. Ta yi dariya, dariyar da ban san tana da ita ba, ta yarinya. Ni dai na ci gaba da tuƙi. Ina tsoron idan na yi magana, ko na motsa ƙafata, abin zai tsinke.

Muka kwana a Elmeki. Washegari hanya ta shiga duwatsu sosai, baƙaƙe kamar an ƙona su, babu zancen hamsin kuma. Amma na riga na gane abin da kunnena zai nema. Kowane bitas yana da nasa wurin shirun. Idan hawa ne in taso masa tun daga nesa, ba tare da fushi ba. Idan gangara ce in ɗage ƙafa in bar nauyinta ya yi aiki. Idan yashi ne kada in tsaya, kada in yi gardama da shi. Na juye bido na farko da hantsi. Na biyu yana nan a ɗaure.

Da la'asar muka zagayo wani dutse, sai ga Timiya a ƙasa, kore shar tsakanin baƙin dutse da farin yashi. Ƙamshin ruwa ya riga komai isowa. Mahaifiyata ta sa takalmanta.

Kawu yana da rai.

Matarsa ta tarye mu, ta ce tun da ciwon ya yi tsanani ya ƙi ɗaki, sai dai a kwantar da shi a garka. Can muka same shi a kan tabarma, ƙarƙashin itacen rumman, ya rame har ya koma kamar yaro. Sa yana jan guga a rijiya, icen jan ruwan yana kuka, ruwa yana bin 'yan hanyoyinsa tsakanin fangali. Mahaifiyata ta durƙusa, gwiwoyin da ba sa durƙusawa, ta kama hannunsa ta ce, "Ga ni. Na zo."

Ya buɗe ido ya daɗe yana dubanta. Sai ya ce, "Inna?"

Matarsa ta sunkuya ta ce, "Yayarka ce, daga Agadas." Mahaifiyata ta ɗaga mata hannu alamar ta bari. Uwarsu ta rasu tun ba a haife ni ba, amma an ce da mahaifiyata ta tsufa, kamarsu ɗaya sak.

Ta ce, "Na'am."

"Inna, ɗan akuyan nan da ya faɗa rijiya." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ba Yaya ba ce. Ni na kwance shi. Ni ne."

Na ga bayan mahaifiyata ya girgiza sau ɗaya. Sannan ta ce, da wata murya da ba tata ba, "Na sani. Na yafe maka. Ita ma ta yafe."

"Kin dake ta."

"Ta warke tuni. Sha ruwa."

Ya sha. Matarsa ta ce rabonsa da karɓar wani abu daga hannun mutum kwana uku ke nan. Mahaifiyata ta ɓare rumman tana matsa masa 'ya'yan a leɓe ɗaya-ɗaya. Can ya miƙa hannu yana lalube, ta sunkuyar da kanta, ya kama kunnenta, ya yi barci.

Ya ƙara kwana ɗaya. A rana ta biyu da hantsi ya cika, kansa a cinyarta. Bai taɓa gane cewa yayarsa ce ba, ita kuma ba ta gyara masa ba. Allah ya jiƙansa da rahama.

Muka zauna har sadakar uku. Da za mu taso mutanen Timiya suka yi ta kawo tsaraba, buhun alkama, dabino, rumman, har da wata tunkiya. Na tsaya a bakin mota ina ba su haƙuri, ina cewa nauyi ma shan mai ne. Suka dube ni kamar wanda rana ta taɓa. A ƙarshe muka daidaita a kan kwando ɗaya na rumman.

Dawowa gangara ta fi yawa, ni kuma na zama wani mutum dabam. Ban haura zane ba ko sau ɗaya. Na juye bido na biyu a inda ya kamata. Da muka wuce Dabaga na tsoma sanda, na ga abin da ya faranta mini rai: duk ɓarnar da na yi a tafiya na maido ta. Man zai kai mu gida, har a sami ɗan saura a gindin tanki. Na fara shirya yadda zan miƙa wa abokina sandar a jiƙe, ba tare da na ce komai ba.

Tun daga Timiya mahaifiyata ba ta yi magana ba. Sai da muka kai wani wuri da wani kwari ke shigowa Telwa daga hagu, ta ce, "Garkar kakarmu tana cikin nan."

Na rage gudu.

"Rijiyar tana can." Ta nuna kwarin da haɓa. "Da nisa kaɗan. Idan babu hali a bari."

Na dubi kwarin. Yashi ne mai laushi, irin wanda sai ƙaramin bitas, irin wanda ke shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma. Na san lissafin sarai, ba sai na tsoma sanda ba. A duk rayuwata wannan ne karo na farko da ta roƙe ni wani abu don kanta, kuma ko shi ɗin ta buɗe mini ƙofar ƙi.

Na juya kan motar hagu.

Muka yi ta nutsawa muna fita, tana nuna mini hanya da haɓa. Babu garka kuma, babu shinge, babu kowa. Sai goriba huɗu da wani ɗan rami da yashi ya cike, ciyawa ta fito a bakinsa. Ta sauka, ta taka a hankali har bakin ramin, ta tsaya. Ni na zauna a mota na kashe moter. Babu abin da ake ji sai kurciya.

Ta daɗe. Da ta dawo ta zauna, ta ce, "Yana da shekara biyar. Na ga lokacin da ya kwance igiyar. Da aka tambaya na ce ni ce." Ta gyara mayafinta. "Na ɗauka ya manta tun a ranar."

Ta sake duban ramin ta ce, "Ashe 'yar ƙarama ce."

Ba ta ce kada in faɗa wa kowa ba. Ba sai ta ce ba.

Man ya ƙare muna hangen hasumiyar masallaci, tsaye cikin hasken la'asar kamar za ka miƙa hannu ka taɓa. Motar ta yi tari biyu, ta gangara iyakar ƙarfinta, ta tsaya. Wasu masu garka da ke kai albasa kasuwa suka sauke kayan jaki ɗaya suka ɗora mahaifiyata, da kwandonta na rumman a gaba. Ni kuwa raƙumi ne ya jawo ni cikin gari, ina zaune ina riƙe da abin tuƙi, matan da suka saba janye mini awaki suna tsaye a ƙofofinsu suna yi mini sannu da zuwa, da murya mai daɗi ƙwarai.

Abokina yana zaune a ƙofar garajinsa. Ya yi mini ta'aziyya tukuna. Sannan ya tashi ya karɓi sandar, ya tsoma, ya fitar da ita a bushe ƙayau. Ya leƙa cikin motar ya daɗe, ya fito.

"Ka yi gudu."

Na ce, "Na yi."

Ba ƙarya na yi ba. Ya kaɗa kai, ya shiga ciki. Daga ranar ya sami labarin da zai ci da ni. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, a gaban 'ya'yana da suka girma, sai ya ce, "Kun ga wannan? Shi ne shofer ɗin da ya tafi da mota ya dawo da raƙumi." A yi ta dariya, ni ma in yi.

Na yi shekara arba'in ina tuƙi bayan wannan, manya da ƙanana, har Tamanrasset da Yamai. Masu motoci suna son ni don man da nake dawowa da shi. Idan matasa suka tambaye ni wane gudu ne ya fi tanadin mai, nakan ce a waccan tsohuwar dai tsakanin hamsin da sittin ne, a bitas na ƙarshe, ƙafa a wuri ɗaya. Na yanzu nasu wurin ya ɗan fi haka sama, amma kowace tana da shi, kuma bai taɓa zama can ƙarshen agogo ba, bai taɓa zama rarrafe ba. Sukan gyaɗa kai yadda na gyaɗa. Abin da ban cika faɗa musu ba shi ne, ban taɓa jin daɗin man da na tanada ba kamar wanda na ƙona a cikin kwarin nan. Da ban koyi riƙe ƙafata ba, da ranar da ta tambaya ba ni da abin da zan ba ta.

Abokina ya tsufa, ido ya tafi. Wata rana da hantsi na je gaishe shi, muna shan shayi a zaure, sai ya ce, "Kai, ranar nan da raƙumi ya jawo ka."

Na gyara zama ina jiran tsohuwar dariya.

"Na duba abin ƙirgar kilomita kafin ku tashi, na duba da kuka dawo. Na san Agadas zuwa Timiya kamar tafin hannuna. Akwai tafiyar da ta ƙaru a kai, wadda ba ta kan hanya."

Na ajiye kofina. Sannan na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga hannu.

"Ban tambaye ka ba. Na ga fuskar tsohuwa da ta wuce a kan jaki. Zuba mana na uku."

Na zuba. Shayin ya zube a tabarma, shi kuwa bai gani ba.